Uwar Garken Ko-ta-kwana: Tana Zaune, Amma Kuɗin Lasisinta Na Tafiya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda ba su samu damar sauraro ba.

Yau za mu taɓo wani abu da ke cin kuɗin kamfanoni a ɓoye. Duk ma'aikatar da ke da bayanai masu muhimmanci, banki ne, asibiti ne ko kamfanin sadarwa, tana ajiye su a rumbun bayanai da ke kan babbar kwamfuta, wadda muke kira uwar garke. To idan wannan kwamfuta ta mutu fa? Shi ya sa ake ajiye ta biyu a gefe, tana kwafar duk abin da ya shiga ta farko, tana jiran ranar da za a neme ta. Ita ce uwar garken ko-ta-kwana. Kamar dai janareta ne a gida: ba kullum ake tayar da shi ba, amma ranar da aka ɗauke wuta shi ne rufin asiri.

Tambayar ita ce: manhajar da aka ɗora wa wannan ta biyun, za a biya mata lasisi, ko kuwa tunda ba ta aiki kyauta ce? Da yawa suna ɗauka kyauta ce, kuma a nan ake faɗawa rami. Kowane kamfanin manhaja da tasa amsar.

Mu fara da Oracle. Ƙa'idarsu ita ce duk kwamfutar da aka girka manhajarsu a kai, ko take gudana a kai, sai an biya mata. Fasahar da ke kwafar bayanai zuwa ta ko-ta-kwana, wato Data Guard, tana cikin Enterprise Edition, ba a sayar da ita daban. Sai mutum ya ji haka ya ce ai shi ke nan. A'a malam, fasahar ce kawai aka ba ka. Kwamfuta ta biyun sai ka saya mata cikakken lasisi, irin na ta farkon sak.

Bari mu yi lissafi. Masarrafar kwamfuta, wato furosesa, tana da 'yan ƙwayoyi a ciki, kowace na aiki da kanta. Oracle yana ƙirga ƙwayoyin nan, idan na Intel ne ko AMD ya raba biyu. A ce uwar garkenka na da ƙwayoyi 16, lasisi 8 ke nan. Farashin da suka wallafa na kowane lasisi dala 47,500 ne, ka ga dala 380,000. Ka ƙara ta ko-ta-kwana mai girma ɗaya, kuɗi sun koma dala 760,000. Sannan akwai kuɗin kulawa na shekara-shekara, kashi 22 cikin ɗari, wato dala 167,200 duk shekara a kan guda biyun. Gaskiya ne manyan masu saye suna samun ragi idan sun iya ciniki, amma ninkin nan yana nan daram.

Ba a nan ya tsaya ba. Wani zai ce tunda na biya mata, bari in riƙa ciro rahotanni daga cikinta alhali tana ci gaba da kwafa, don in rage wa ta farko nauyi. Wannan kuma wani kaya ne daban mai suna Active Data Guard, dala 11,500 kowane lasisi, kuma duka kwamfutocin biyu za a saya wa. A misalinmu ƙarin dala 184,000 ke nan.

Na san wani zai ce, to ina dokar kwana goma da ake faɗa? E, akwai ta, sai dai ba a kan Data Guard take ba. Ta shafi kwamfutoci ne da aka haɗa su rukuni ɗaya suna amfani da ma'ajiyar bayanai guda. A nan an yarda ta biyun ta karɓi aiki ba lasisi har kwana goma a shekara. Kuma ku lura da yadda ake ƙirgen: ta yi aikin awa biyu ran Litinin, ta yi na awa uku ran Alhamis, kwana biyu sun tafi. Ko don gyara ka kashe ta farkon, yana cikin lissafi. Amma da zarar ta ko-ta-kwana tana da nata kwafin bayanan a tata ma'ajiyar, misali ta farko na Legas ta biyu na Abuja, wannan sassauci bai shafe ka ba.

Yanzu mu leƙa Microsoft da SQL Server. Su sun fi sassautawa, amma da sharaɗi. Tun daga fitowar SQL Server 2014, ba ka da haƙƙin ajiye ta ko-ta-kwana kyauta sai kana biyan kuɗin shekara na tsarin da suke kira Software Assurance. A watan Nuwamba na 2019 suka faɗaɗa abin: mai wannan tsari zai iya ajiye guda a kusa don karɓar aiki nan take, guda a wani wuri saboda gobara ko ambaliya, da guda a kan Azure, duk ba ƙarin lasisi.

Sharaɗin shi ne ta zauna shiru. An yarda ka duba lafiyar bayanan da ke cikinta, ka ɗauki kwafin ajiya, ka sa ido a kan yadda take tafiya. Amma ranar da ka buɗe ta wa ma'aikata suna karanta bayanai ko ciro rahoto, ta tashi daga mai jira ta koma mai aiki, sai lasisi. Farashin SQL Server 2022 Enterprise dala 15,123 ne kowane ƙwayoyi biyu, don haka mai ƙwayoyi 16 ta kusa dala 121,000. Ka ga saiti ɗaya da injiniya zai canza cikin minti biyu, da niyyar taimako, zai iya jawo wa ma'aikata bashin da ba ta sani ba.

Kuma kar ku ce wa zai gani. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ta ba kamfanonin nan damar zuwa su bincika. Oracle sanarwar kwana 45 yake bayarwa. Idan aka tarar da giɓi, lokacin ba ka da bakin ciniki.

A nan Najeriya abin ya fi ciwo, domin farashin nan da dala aka yanka shi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Ko da kuɗin kulawa na shekara bai canza ba a takarda, a naira ya ninka fiye da sau uku a wannan tsakanin.

To mece ce mafita? Akwai PostgreSQL, wadda lasisinta kyauta ne, kuma tun fitowar 9.0 a shekarar 2010 take iya kwafa zuwa ta ko-ta-kwana, har a riƙa karatu daga cikinta. Ka ajiye goma ma, ba mai tambayar ka kwabo. Sai dai kyautar a lasisi ta tsaya. Za ka biya ƙwararrun da za su kula da ita, kuma idan manhajar da ma'aikatarku ke aiki da ita an gina ta ne a kan Oracle, sauya sheƙa aiki ne na watanni, wani lokaci shekaru. Ga mai sabon aiki da bai ɗaure kansa ba tukuna, ya kamata ya dube ta da kyau.

Wanda kuma ya riga ya shiga, ga abin da zan ba shi shawara. Kafin a sayi kwamfuta ta biyu, a zauna da masu kuɗi da injiniyoyi a amsa tambaya uku. Awa nawa za mu iya jurewa ba aiki? Idan kwana guda ba zai kashe ku ba, wataƙila kwafin ajiya mai kyau da ake gwadawa a kai a kai ya wadatar. Na biyu, me ta ko-ta-kwanar za ta riƙa yi yayin da take jira? Na uku, me takardar yarjejeniyarmu ta ce? Abin da ɗan kasuwar da ya sayar muku ya faɗa da baki ba hujja ba ne, ku ce ya rubuta. Kuma kar a manta, tunda da ƙwayoyi ake ƙirga kuɗin, sayen kwamfuta mai ƙwayoyi fiye da buƙata asara ce sau biyu.

Masu aiki a wannan fanni, ku faɗa mana a ƙasa yadda kuke yi a wurarenku, ba sai kun ambaci sunan ma'aikata ba. A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.