Idan Na'urar Saƙon Murya ta Otal Ta Ƙi Buɗewa

Sharhinmu na yau ya leƙa ɗakin da baƙon otal ba ya gani, inda na'urar ajiye saƙon murya take. Ita ke karɓar saƙo idan baƙo ya fita, ita ke sa fitilar wayar ɗaki ta kama, a wasu otal kuma ita ke buga waya ta tashi baƙo da asuba. Injiniya kan shiga tsofaffin irinta da kwamfuta, ta kafar RS-232. Ranar da allo ya ƙi nuna komai, sai hankalin manaja ya tashi.

Kafin a ce na'ura ta mutu, a bi a sannu. A fara da igiyar haɗi: wata na'urar sai da wadda aka sauya layukan aikawa da karɓa. Idan haruffa suka fito a hargitse, galibi saurin ɓangarorin biyu ne bai daidaita ba, kuma 9600 ake fara gwadawa. Yawancin kwamfutocin yau ba su da wannan kafar, sai an nemi mahaɗin USB. Tun daga Windows Vista, Microsoft ta daina sa HyperTerminal, manhajar da ake shiga na'urar da ita, amma manhajar PuTTY na yin aikin kyauta. Kada a yi gaggawar mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani, domin saƙonnin baƙi da saitin ɗakuna na iya salwanta.

Kiranmu ga masu otal shi ne, a rubuta kalmar sirri da saitin haɗi a adana a ofis, a riƙa ajiye kwafin bayanai. Amanar baƙi ta fi ƙarfin a bar ta a kan ma'aikaci ɗaya.