Jawabin Kwamitin Walwala: Abin da Ba Ya Shiga Littafin Zubi

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, da mazajenmu da suka daure suka zo, sannunku da zuwa.

Ma'aji ta karanto lissafin shekara, kun ji abin da ya shigo da abin da ya fita. Mu kuma za mu taɓo abin da ba a rubutawa a littafin zubi, wato halin da zukatanmu ke ciki.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001. Yau da ita muke tallar atamfa da turaren wuta, ta nan kuɗin ciniki ke shigowa ba sai an aiki yaro ba. Alheri ne, ba mai musu. To amma a da, in mace ta rufe ƙofa bayan isha'i kasuwa ta tashi ke nan. Yanzu kasuwar tana ƙarƙashin matashin kai. Ƙarfe ɗayan dare wata na tambayar farashi, ke kuma kina tsoron in ba ki amsa ba ta koma wurin wata. Da asuba ga abin karin yara. Yaushe aka yi barcin?

Ga kallon rayuwar wasu a TikTok, lefe akwati goma sha biyu, anko kala uku a biki ɗaya. Ba wadda ke ɗora hoton ranar da aka koro mata yaro saboda kuɗin makaranta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ta san yadda cefane ya koma, amma kunya ta hana a ce ba za a yi anko ba. Daga nan sai bashin manhajar waya. Wasu masu irin wannan bashi, in kin makara, sai su bi lambobin da ke wayarki da saƙon tozarci, har surukai.

Irin wannan nauyi yakan zama ciwo. Likitoci na kiransa ciwon damuwa, kuma ya fi kama mata. In mace ta haura mako biyu ba barcin kirki, abinci ba ya shiga, sana'ar da take so ta fita daga ranta, kuka ba dalili, wannan ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba. Maijego ma yana kama ta, mu kuwa sai mu dama mata kunun kanwa mu ce ta yi haƙuri. A yi addu'a, a kuma je asibiti, kamar yadda muke yi da hawan jini. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma ana iya farawa daga asibitin da ke kusa. Wadda ta fara cewa gara ta mutu, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta a ranar. Maza, wannan da ku muke, domin sau da yawa izinin fita da kuɗin mota a hannunku suke.

Roƙonmu ga taro shi ne, wadda ta tsallake zubi sau biyu, kada a fara da tara, kada kuma a kira sunanta a zaurenmu na WhatsApp. Mutum biyu daga kwamiti za su je gidanta, su zauna, su ji. Abin da aka faɗa musu ba zai fita ba. Masu son shiga wannan aiki su ba sakatariya sunansu kafin a tashi.