Annoba da Ranar Zaɓe: Me Kotu Ke Iya Yi?



A shekarar 2014, lokacin da cutar Ebola ke ɗauke rayuka a Laberiya, wa'adin rabin 'yan majalisar dattawan ƙasar, kujeru 15 cikin 30, yana dab da cika. An tsara zaɓe ranar 14 ga Oktoba, amma ganin yadda asibitoci suka cika maƙil, sai aka ɗage shi zuwa 16 ga Disamba. Wasu 'yan siyasa da ƙungiyoyi ba su gamsu ba. Suka garzaya Kotun Ƙoli, suna cewa tara jama'a a layi ganganci ne da rayukansu. Kotun ta dakatar da yaƙin neman zaɓe na ɗan lokaci, ta saurari kowane ɓangare, daga baya ta ƙi hana zaɓen. Saboda wannan jinkiri, an kaɗa ƙuri'a ranar 20 ga Disamba, ana auna zafin jikin masu zaɓe, ana sa su wanke hannu da ruwan magani. George Weah ya lashe kujerar yankin Montserrado, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu rajista ne kawai suka fito.

Abin da ya faru a Laberiya ya maimaita kansa a zamanin korona. A watan Agustan 2020 an roƙi Kotun Ƙolin Indiya ta ɗage zaɓen majalisar jihar Bihar mai kujeru 243. Alƙalai suka ce annobar kaɗai ba ta isa hujja ba, kuma sa rana aikin hukumar zaɓe ne. Aka yi zaɓen kashi uku, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba.

A yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya kuwa lamarin ya juya. Gwamnati ce ta mayar da zaɓen majalisa daga 14 ga Fabrairun 2021 zuwa 30 ga Mayu, masu ƙara suka ƙalubalance ta, babbar kotun yankin ta soke ɗagewar. An yi zaɓen a ranarsa ta asali, amma yawan masu fitowa ya faɗi daga kashi 79 cikin ɗari a 2017 zuwa kashi 51.

Ƙasashe uku, dokoki daban-daban, amsa ɗaya. Mai ƙara yana tambayar ko fita zaɓe na da haɗari, alƙali kuma yana duba wanda doka ta ba ikon taɓa rana. Alƙali ba likita ba ne. Ya kuma san cewa in wa'adin majalisa ya ƙare ba a zaɓi sabuwa ba, ba mai amincewa da kasafin kuɗi, ba mai tuhumar gwamnati kan yadda take kashe kuɗin yaƙi da cutar. Ƙofar da aka buɗe yau saboda annoba, gobe mai mulkin da ke tsoron faɗuwa zai bi ta cikinta.

Sai dai ƙin ɗage zaɓe bai sauke wa kowa nauyin rayuka ba. A Afrilun 2021, yayin da iskar numfashi ke yankewa a asibitocin Indiya, Babbar Kotun Madras ta caccaki hukumar zaɓe kan barin manyan gangamin siyasa ba takunkumin fuska, ba tazara, har ta yi barazanar hana ƙidayar ƙuri'un zaɓen majalisar jiha ranar 2 ga Mayu in ba a kawo mata tsarin kariya ba. A nan ne ƙarfin kotu yake: gindaya sharuɗɗa da tilasta bin su. Abin takaicin shi ne, tsawatarwar ta zo bayan an gama yawancin tarukan.

Najeriya ma ta ɗanɗana. A Maris ɗin 2020 hukumar zaɓe ta INEC ta ɗage zaɓukan cike gurbi na sanatoci a Bayelsa, Imo da Filato, ba a yi su ba sai 5 ga Disamba. Cike gurbi yana jure jinkiri. Babban zaɓe kuwa tsarin mulki ya ɗaure shi tsakanin kwana 150 da kwana 30 kafin cikar wa'adi, don haka aikin yana gaban majalisa tun yanzu: ta rubuta wanda zai tabbatar da cewa annoba ta kai a ɗage, iyakar kwanakin ɗagewar, da hanyar da majinyaci ko wanda aka killace zai kaɗa ƙuri'arsa.