Abincin Ɓeran Masar a Akurkin Zomo: Nazari kan Kiwon Gida a Dubai

Wannan takarda ta shafi wata tambaya da ke tasowa a tsakanin masu kiwon zomo a gidajen Dubai, musamman masu sayayya a Kasuwar Tsuntsaye da Dabbobin Gida ta Warsan, inda buhunan abincin zomo da na ɓeran Masar suka yi kama har mai saye ya ɗauka duk ɗaya ne: shin zomo zai ci abincin da aka sarrafa domin ɓeran Masar ba tare da ya cutu ba?

Babban bambancin dabbobin biyu yana ga bitamin C. Ɓeran Masar, wanda asalinsa tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, jikinsa ba ya samar da wannan sinadari, kamar dai ɗan Adam, kuma a kan ɓeran ne masanan Norwe Axel Holst da Theodor Frølich suka ga alamomin ciwon ƙarancin sinadarin, mai sa dasashi zubar da jini, a shekarar 1907. Saboda haka ake ƙara bitamin C a abincinsa. Zomo kuwa hantarsa ce ke samar masa da nasa, don haka ƙarin ba shi da amfani gare shi, kuma likitocin dabbobi na gargaɗin cewa idan ya yi yawa jiki kan mayar da shi okzalet, wani gishiri mai taruwa ya zama tsakuwa a ƙoda.

Abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda masu kiwo ba su cika lura da shi ba, shi ne kalsiyam, ma'adinin da ke gina ƙashi da haƙori. Hanjin zomo yana tsotse mafi yawan kalsiyam ɗin da ya ci, ko yana bukata ko ba ya bukata, sannan ya fitar da rarar ta fitsari, shi ya sa fitsarinsa ke yin fari kamar an kwaɓa alli. Abincin ɓeran Masar da aka yi da alfalfa, wata ciyawa dangin wake mai kama da harawa wajen ƙarfin gina jiki, yana ɗauke da kalsiyam mai yawa, kuma babban zomon da ya daɗe a kansa yana iya tara laka ko tsakuwa a mafitsara. Zafin Dubai, wanda ke haura digiri 40 a watannin Yuli da Agusta, yana ƙara wannan haɗari ga dabbar da ba ta samun isasshen ruwan sha.

Akasin haka ya fi muni, domin ɓeran Masar da aka tsare a kan abincin zomo zai kamu da ƙarancin bitamin C cikin 'yan makonni. Ko nasa abincin ma, bitamin ɗin kan lalace cikin kimanin wata 3 da sarrafa shi, zafi da danshin gaɓar teku kuma suna hanzarta lalacewar, abin lura a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa inda ake shigo da galibin abincin dabbobi daga waje.

Matsayar takardar ita ce, zomo mai lafiya ba zai cutu ba idan ya ci abincin ɓeran Masar kwana ɗaya ko biyu saboda nasa ya ƙare, amma bai dace ya zama cimarsa ta kullum ba. Kimanin kashi 80 cikin 100 na abincin zomo ya kamata ya kasance busasshiyar ciyawa, wadda ke motsa hanji tana kuma rage tsawon haƙoran da ba sa daina girma. Ana kira ga masu shaguna da su raba buhunan biyu a kan kanta, su kuma nuna wa mai saye ranar da aka sarrafa kowanne.