Bagaruwa Dukiya Ce, A Daina Sare Ta

Maganar yau a kan bagaruwa ce, itaciyar fadamun kogin Haɗejiya.

Da 'ya'yanta majema ke jeme fata. Dukawa kuma su haɗa su da tsatsar ƙarfe, su sami baƙin rini. A Turkiyya, ƙullutun da wani ƙwaro ke tayarwa a jikin itacen ok ne ke wannan aiki. Nan kuwa ga ta a bayan gari.

Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, ruwan fadama ya ragu, ga kuma gatarin masu itace. Mai sara sau ɗaya zai ci, mai tsintar 'ya'ya kowace shekara. A kaɗe 'ya'ya, a bar uwa.

Allah ya ba da ikon kiyayewa, amin.