Magana ma jari ce: jawabin ranar taron shekara

Uwar ƙungiya, iyayena, 'yan uwana mata, da mazajenmu da sunka bar mu munka taru, sannunku da zuwa.

An ce in yi magana kan yadda ake shawo kan mutum. Ni dai 'yar kasuwa ce, abin da na gani shi zan faɗi. Magana mai shiga zuciya kamar tukunya ce bisa murhu, dutsi uku ke riƙe ta.

Dutsi na farko amana. Kafin a ji maganarki, ke ake dubawa. Wadda mudunta ya taɓa ragewa, ko ta yi rantsuwa goma ba a saye.

Na biyu hujja. Bara na je karɓar bashin ƙungiya wurin wata 'yar uwa. Na yi faɗa har maƙwabta sunka leƙo, na dawo ba ko kwabo. Karo na biyu na ɗauki littafin da na koyi cikawa a ajin yaƙi da jahilci, munka zauna ɗaki mu biyu. Na nuna mata ranar da ta karɓa, abin da ta biya, da saura. Ita da kanta ta ce a raba mata biya uku, kuma ta cika.

Na uku sanin wanda kike wa magana. Ku duba ciniki a Babbar Kasuwa: in anka taya kaya da araha, ba mu cewa "ba ka da hankali", sai mu ce "albarka". Mun ƙi, amma ba mu kore shi ba. Haka in za ki nemi izinin maigida, kar ki tare shi ya shigo da gajiya. Bari ya ci abinci, sannan ki fara da abin da ke damunsa, kamar kuɗin makarantar yara.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa 'Yan Taru, dattijai mata masu mutunci ta zaɓa ta naɗa su jaji, ta ba su malfa don a san su. Ta san Larabci, amma ta tsara waƙoƙi da Hausa da Fillanci don matan ƙauye su hardace. Ga amana, ga ilimi, ga harshen mai saurare.

In takarda za mu rubuta ta neman rance, mu sa buƙata a layin farko: nawa muke so, me za mu yi da shi, yaushe za mu biya. Mai karatu ba ya da lokacin dogon labari.

Gargaɗi ɗaya: daɗin baki da ƙarya ciniki guda yake ci. Mu a Runjin Sambo gobe ma za mu haɗu, ko a suna ko a gaisuwa.

Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya kai mu ta baɗi lafiya.