Albashin Malam da Karatun Ɗanki

Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na Rimin Gado da kewaye, mutanen Gulu da Butu-Butu da Karofin Yashi da Yalwan Danziyal, Allah ya bar zumunci.

Uwargida, na san kin taɓa ganin irin wannan safiyar. Kin tashi tun asuba kin dama koko, kin shirya yaro, kin rataya masa jaka, ya fita. Ko shara ba ki gama ba sai ga shi ya dawo yana tsalle, "Inna, an ce mu koma gida, malamai suna yajin aiki." Shi murna yake yi, ke kuwa ranki ya ɓaci. Wata ma har ta ce, ai malaman nan ba su da tausayi, kullum maganarsu kuɗi. To 'yar uwa, ajiye tsintsiyar nan tukuna, jawo tabarma ki zauna, yau maganar kuɗin malam za mu yi. Kina cikin ɗaki, ba a kiran ki wurin zaman sulhu, amma abin da aka yanke a can a tsakar gidanki yake sauka.

Bari mu fara da inda kuɗin yake fitowa, don yawancinmu mun ɗauka gwamna ne yake buɗe akwati ya ƙirgo wa malam albashinsa. Hanyar ta fi haka nisa. Kowane wata ana raba kuɗin asusun tarayya a Abuja, kuma man fetur na cikin manyan abubuwan da ke cika wannan asusu. Gwamnatin tarayya ta ɗauki nata, jihohi su ɗauki nasu, ƙananan hukumomi ma a ware musu. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Rimin Gado ɗaya ce daga ciki. Shekara da shekaru, kason ƙananan hukumomi yakan shiga asusun haɗin gwiwa tsakaninsu da jiha, daga nan ake cire albashin malaman firamare, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wadda kike jin ana ce wa SUBEB, ita ke kula da sha'aninsu. Kin ga ke nan, idan farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya, can wata uwa duniya da ba mu taɓa zuwa ba, sai kaso ya ragu, malamin da ke koya wa ɗanki baƙi da wasali a ƙauyenku ya ji a jikinsa.

Shi kuwa malam shi kaɗai ba zai iya tsayawa gaban gwamnati ba, shi ya sa suke da ƙungiya. Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, wato NUT, tun 1931 aka kafa ta a Legas, ta girmi Najeriya mai 'yancin kai da kusan shekara talatin. A nan Arewa kuwa, marigayi Malam Aminu Kano, kafin a san shi da siyasa malamin makaranta ne, kuma yana kan gaba wajen kafa ƙungiyar malaman Arewa a wajajen 1948. Don haka idan kika ji ana ja-in-ja kan haƙƙin malamai, ba baƙon abu ba ne da aka kawo mana jiya, kakanninmu sun san shi.

Masu ɗan shekaru a cikinku za su tuna daminar 2008, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Malamai suka nemi a yi musu tsarin albashi nasu na daban. Gwamnatin tarayya ta ce ita ba za ta tilasta wa jihohi ba, tunda ba ita ke biyan malaman firamare da na sakandaren jiha ba. A ƙarshen watan Yuni aka rufe makarantun gwamnati a duk faɗin ƙasar nan, yara suka yi makonni a gida. Daga baya gwamnoni suka shiga tsakani, aka yi yarjejeniya za a ƙara wa ƙwararrun malamai alawus na kashi 27.5 cikin ɗari. Aka sa hannu, aka buɗe makarantu. Amma sa hannu daban, biya daban. Wasu jihohin sai da aka shekara da shekaru ana bin su, har da sake yajin aiki, kafin malam ya ga ƙarin a hannunsa. Ke da kike adashe kin san wannan ciwon, a ce kwasarki ce wannan makon, uwar adashe ta ce ki ƙara haƙuri.

Na kusa da mu kuwa shi ne na 2021. A 2019 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000 daga naira 18,000, gwamnatin Kano ta lokacin, ta Dakta Abdullahi Umar Ganduje, ta amince da naira 30,600. Ba a jima ba annobar korona ta shigo a 2020, mai ya faɗi, kaso ya ragu. Albashin watan Maris na 2021 ya zo wa ma'aikata a zaftare, har da malamai. Gwamnati ta ce abin da ya shigo mata ba zai isa ta biya kowa cikakke ba. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC, wadda ƙungiyar malamai take ƙarƙashinta, ta ce ba ta yarda ba, ta ba da wa'adi, ta shirya yajin gargaɗi na kwana uku. Aka zauna a watan Afrilu, aka janye yajin bisa alkawarin za a koma biyan cikakken albashi, a kuma mayar wa ma'aikata abin da aka yanke idan kaso ya gyaru.

Irin wannan zama, 'yar uwa, kamar cinikin tunkiya ne ranar kasuwa, sai dai nan ba dillali. Gwamnati ta baje takardu ta ce ga abin da ya shigo, ga yawan ma'aikata, ga asibiti, ga hanya, ga ruwa. Ƙungiya ta ce mun ji, amma ga farashin kwanon masara, ga kuɗin mota. Kuma ba albashi kaɗai ake magana a kai ba. Akwai ƙarin girma, wanda sau da yawa malam yakan samu a takarda, kuɗinsa kuwa shiru. Akwai alawus na hutu, akwai fansho da garatuti na wanda ya yi ritaya ya koma gida da farin gashi yana jira. A 2022 ma an yi doka da ta ba malami damar kaiwa shekara 65 da haihuwa ko shekara 40 yana aiki kafin ya ajiye alli. Yajin aiki shi ne makamin ƙarshe, ba a fara da shi, sai an yi wasiƙa, an yi wa'adi, an gaji da zama.

Ni dai ra'ayina, kuma na faɗa a fili, idan tukunya ta yi kaɗan bai kamata a fara rage na malam ba. Mun san kuɗi yakan yi ƙaranci da gaske, ko maigida akwai shekarar da rumbu ba ya cika. Amma maigidan kirki, idan zai rage kuɗin cefane, yakan fara rage nasa shan shayin da yawon majalisa, ya kuma zaunar da iyali ya gaya musu gaskiya. Abin da malamai suke nema ke nan a wurin zaman, a nuna musu lissafi, a kuma fara tsuke bakin aljihu daga sama. Su ma malamai ina da magana da su. Wanda yake karɓar albashi amma sai ƙarfe goma yake leƙo aji, ko ya bar yara da monita ya tafi gona ko acaɓa, shi ne yake ba masu yanke albashi abin faɗa. Ƙungiyar da take tsaya wa haƙƙinsa, ya kamata ta iya tsawata masa.

Wata za ta ce, ni mijina manomi ne, ina ruwana da albashin wani? Haba 'yar uwa. Wa yake sayen man gyaɗarki da ƙuli-ƙulinki? Matar malam fa tana cikin masu aiko yaro da kwalba, a rubuta sai ƙarshen wata. Mai shago yana da littafin bashi, rabinsa sunayen ma'aikata ne. Mai ɗinkin hula, mai awara, mai kitso, duk ƙarshen wata suke jira. Idan albashi ya makara, adashen unguwa ma sai ya yi ɗingishi. Ku kuma matan malamai da kuke saurare, sannunku da haƙuri, mun san yadda ake jan kwano ɗaya ya kai kwana uku.

A 2024 an sake ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, bayan cire tallafin man fetur a 2023 ya sa komai ya yi tashin gwauron zabi, gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf kuma ta amince da naira 71,000 a Kano. A watan Yulin shekarar ne kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Mutane da yawa sun yi murna, amma ƙungiyar malamai ta daɗe tana ɗari-ɗari da a bar albashin firamare a hannun ƙananan hukumomi, don tsofaffin malamai ba su manta farkon shekarun 1990 ba, lokacin da aka yi haka, aka riƙa yin watanni ba albashi. Ga misali ma a Abuja, a 2025 malaman firamare sun fi wata uku suna yajin aiki, saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya su sabon albashi ba. Wata uku fa, zango guda ke nan na karatu.

To idan irin wannan ta faru a wajenmu, Allah ya kiyaye, ga abin da yake hannunki. Kada ki ce tunda babu makaranta bari yarinya ta ɗauki farantin talla na ɗan lokaci. Na ga gidaje da yawa da aka fara da "na ɗan lokaci", aka buɗe makaranta, namiji ya koma, ita kuwa ciniki ya yi daɗi, littafinta ya zama abin naɗe ƙosai. Ki ware musu lokaci da safe kamar suna aji. Ko ba ki yi boko ba, ki sa babban ya koya wa ƙaramin, ke kina tankaɗe kina jin su. Makarantar allo da Islamiyya kuwa kada a fasa. Kuma ke da ba kya bari Laraba ta wuce ba ki ba yaro kuɗin laraba ya kai wa malaminsa ba, kin riga kin san mai koyarwa ba iska yake ci ba.

Sannan ki yi wa maigida magana cikin lalama, bayan ya ci tuwo ya huta, ba yana shigowa ba. Ki ce masa ya riƙa zuwa taron iyaye da malamai, ya tambayi hedimasta malamai nawa ne a makarantar, ana biyansu a kan kari, suna zuwa? Akwai kuma kwamitin kula da makaranta na al'umma, wanda aka tanadi gurbin mata a cikinsa. Idan ke ba kya fita, ai akwai Goggo ko Iya ko unguwarzoma da suke shiga ko'ina, ku ba su saƙo su kai. Kansila da shugaban ƙaramar hukuma su ma 'ya'yan wasu ne a cikinmu, kuma lokacin zaɓe har zaure suke zuwa neman ƙuri'ar mata, to ranar sai a tambaye su maganar albashin malam.

Lokaci ya yi mana halinsa. Wadda take da tambaya ko ƙorafi ta ba yaro takarda ya kawo mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara.